Dutsen Alhaji Mudi da tsaunin da aka cinye a Kolorado

Alhaji Mudi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Masana duwatsu ku taimaka mini. Yarona da ke yi mini sayayyar kuza a wajen Jos ya kawo mini wani farin dutsen ƙanƙara, girmansa kamar dunƙulen hannu. A jikinsa akwai wasu ɓawo-ɓawo masu ruwan toka, suna ƙyalli kamar takardar cikin kwalin sigari. Na sa farce ya kankaru, ya bar mini baƙi a yatsa mai santsi kamar sabulu. Wai wani ɗan Sin ya gani ya ce molibdenam ne, a nemo masa da yawa. Gaskiya ne? Kuma nawa ake sayen kilo? Kada in saki reshe in kama ganye.

Sale Makaniki: Wa alaikumus salam Alhaji. Moli kuma? Ai mu a gareji kullum hannunmu na cikinsa. Baƙin giris ɗin nan da ake cusa wa kan shaf, wanda in ya taɓa riga shi ke nan ta zama ta aiki, moli aka rubuta a jikin gwangwaninsa. Wallahi na ɗauka gawayi suke niƙawa.

Dakta Hadiza: Alhaji barka da yamma. Ba a yanke wa dutse hukunci daga nesa, amma abu uku ne ke da wannan kama. Akwai molibdenait, wato ƙarfen molibdenam haɗe da farar wuta. Akwai girafait, abin da ke cikin fensir. Akwai kuma galina, dutsen dalma da iyayenmu ke niƙawa su yi kwalli. Galina ba ta da wuyar ganewa: nauyi gare ta sosai, in ka doke ta sai ta farfashe gida-gida masu kusurwa huɗu, ba ta lanƙwasuwa. Sauran biyun ne ke ruɗarwa. Ka ɓamɓaro ɓawo ɗaya da bakin allura. Molibdenait yana lanƙwasuwa kamar ganye, bai karye ba bai kuma miƙe ba, kuma ya ninka girafait nauyi sau biyu. Sai ka goga shi a jikin farin tangaram mai sheƙi. Girafait baƙi yake bari, na molibdenait yana ɗan ja zuwa kore.

Turawa ma sun daɗe cikin wannan ruɗu. Sunan kansa daga kalmar Girkanci yake wadda ke nufin dalma. Sai a 1778 wani mai haɗa magunguna ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya nuna cewa wani abu ne daban, a 1781 kuma Peter Jacob Hjelm ya fitar da ƙarfen zalla.

Roƙona ɗaya, Alhaji: kada a daka shi a cikin gida kafin a san ko mene ne. Ba mu manta da yaran Zamfara na 2010 ba, fiye da 400 gubar dalma ta kashe, daga dutsen da aka riƙa niƙawa a tsakar gida.

Alhaji Mudi: Na gode Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Ba zan daka ba. Amma fa ni ba ɗan Suwidin na tambaya ba, kilo na tambaya.

Nura Golden: Alhaji ranka ya daɗe, bari in ba ka labarin inda na je, amsar kilon na cikinsa. Ina karatun haƙar ma'adinai a Colorado School of Mines da ke jihar Kolorado ta Amurka, kuma a bazarar da ta wuce na bi hanya mai lamba 91 zuwa garin Leadville. Hanyar tana haurawa ne ta wata mashiga a kan tsaunukan Roki da ake kira Fremont Pass, tsayinta kusan mita 3,450 daga teku. Da na fito daga mota na yi sauri zan tsallaka titi, sai na ji kirjina na bugawa kamar na yi gudun fanfalaki, kaina na sarawa. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu. Ga shi watan Yuni, amma dusar ƙanƙara na nan kwance a kafaɗun duwatsu.

A nan mahaƙar Climax take. Abin da ya tsayar da ni shi ne tsaunin Bartlett, ko in ce abin da ya rage daga cikinsa. Ka san yadda yaro ke cin malmalar tuwo daga gefe ɗaya ya bar rabi a tsaye? Haka aka yi masa. Gefe guda babu shi, sai ƙaton rami mai hawa-hawa, ja da ruwan ɗorawa. In ka gangara ta ɗaya ɓangaren kuma sai ka ga kwari guda an cike shi da lakar niƙaƙƙen dutse, shimfiɗe kamar filin jirgi. Tsofaffin garuruwan masu haƙar azurfa, Robinson da Kokomo, a wannan kwarin suke da, yanzu babu su.

Me ya sa aka cinye tsauni? Domin a irin wannan mahaƙa, in ka niƙa tan guda na dutse, abin da za ka samu na molibdenam bai wuce kilo biyu zuwa uku ba, kuma wannan shi ne mai kyau. Saura duk dusa ce. Ba a cinikinsa da kwano, Alhaji. Sai wanda zai iya niƙa dubban tan a rana.

Alhaji Mudi: To amma nawa a jiki yake, ina ganinsa da idona. Ba sai na niƙa tsauni ba.

Nura Golden: Haka wani mutum ya gani da idonsa a 1879, sunansa Charles Senter. Tsohon soja ne, zinare ya hau nema a Bartlett, sai ya tarar da dutse cike da siraran jijiyoyi masu ruwan toka. Bai san ko mene ne ba, amma ya kafa shaidarsa a wurin ya riƙe. Shekaru suka shuɗe kafin a gaya masa molibdenait ne, da aka gaya masa kuma babu mai saye. Kusan shekara 40 yana riƙe da tsaunin da ya fi duk wani wuri da aka sani a duniya a lokacin wannan ma'adini, bai ci moriyarsa ba sai da ya tsufa.

Yaƙi ne ya buɗe kasuwar. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an gano cewa kamfanin Krupp na Jamus na zuba molibdenam a ƙarfen manyan igwoyinsa, don kada bakin igwa ya yi laushi in ya ɗau zafi. Shi wannan ƙarfe sai zafi ya kai digiri 2,623 yake narkewa, kuma ɗan kaɗan ake barbaɗa wa baƙin ƙarfe ya ƙara masa ƙwari. Nan da nan aka yi rububin Bartlett. Abin dariya, kamfanin da ya yi nasarar kama wurin, American Metal, yana da jini ɗaya da wani kamfanin Jamus na birnin Frankfurt. A 1918 Climax ta fara fitar da kaya sosai, a watan Nuwamban shekarar yaƙi ya ƙare, a 1919 aka rufe. Sai 1924 aka sake buɗewa, bayan shugabanta Brainerd Phillipson ya yi ta yawo yana lallashin masu ƙera motoci su gwada ƙarfen. Malam Sale, daga nan zumuncinku da moli ya fara.

Zuwa shekarun 1930, wannan tsauni ɗaya ne ke ba da kusan kashi uku cikin huɗu na molibdenam ɗin duniya. A Yaƙi na Biyu gadinsa ake yi kamar barikin soja. Jamus kuwa ta dogara ne da wata ƙaramar mahaƙa a tsaunukan kudancin Norwe, Knaben, wadda aka fara haƙa tun 1885. Saboda haka jiragen Ingila suka yi mata ruwan bama-bamai a watan Maris na 1943, na Amurka suka sake komawa a Nuwamba. Ƙauye ne a bayan duwatsu da babu wanda ya san da shi, ma'adinin nan ya jawo masa.

Baba Ɗanladi: Jikana Nura, sannu da ƙoƙari. Ni na yi shekara 22 a aikin kuza a Bukuru, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Mu kuza a rafi muke samunta. Mace da ƙwaryarta za ta tsuguna ta rairaye yashi, baƙar kuza ta kwanta a ƙasa, ta kai a auna mata. Kakanni ma a Riruwai suna narka ta tun kafin Bature ya zo. Har kamfani da manyan injunansa, ƙasa da tsakuwa yake wankewa, ba dutse yake fasawa ba. To shi wannan moli, tunda ruwa na zaizaye tsaunin tun fil azal, me ya hana a same shi a rafi? Me ya sa Senter ɗin bai ɗauki tasa ya gangara ƙorama ba?

Dakta Hadiza: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan tambaya ita ce gaba ɗayan zancen. Kuza tana da tauri, tana da nauyi, kuma ruwa da iska ba sa cin ta. Dutsen da ke ɗauke da ita zai ruɓe ya zama ƙasa, ita ko tana nan, ruwa ya kwashe mai sauƙi ya tara ta a gindin rafi. Wato Allah ya riga ya yi muku niƙa da rairaya, ku ɗiba kawai kuka yi. Molibdenait kuwa farce ma na kankare shi. In ya fito sarari sai ya murmushe, farar wutar da ke jikinsa ta haɗu da iska da ruwa, ya rikiɗe ya bar wani rawayan gari a fuskar dutse, saura ya narke ya bi ruwa. Ba ya taruwa a rafi. Dole a bi shi cikin dutse.

Yadda yake shiga dutsen kuwa, ku ɗauki tukunyar da aka rufe tana tafasa. Narkakken dutse ne ke tasowa daga ƙasa ya tsaya da nisan kilomita kaɗan daga sarari. Yana hucewa, ruwan zafi da ke cikinsa yana taruwa a ƙoƙon samansa, ɗauke da molibdenam da sinadarin fulorin. In matsi ya yi yawa sai ya tsattsage rufin, ruwan ya kutsa cikin dubban tsagogi, ya bar farin dutsen ƙanƙara da ɓarɓashin molibdenait a ciki. Shi ya sa jikin ma'adinin ke fitowa kamar kifaffiyar ƙwarya a kan tulu. Wani masani na Climax, Stewart Wallace, shi da abokan aikinsa suka nuna a 1968 cewa ba sau ɗaya tukunyar ta tafasa ba. Ƙwarya uku ce a jere, wata bisa wata, kuma ta sama ƙanƙara mai tafiya ta riga ta kankare mafi yawanta.

Da wannan fahimta, tun kafin su wallafa ta, aka gano ma'adinin Henderson a 1964, a tsaunin Red Mountain, yamma da Denver. A sama akwai wata ƙaramar mahaƙa, Urad. Suka ce in akwai ƙwarya a sama, ƙila akwai babba a ƙasa. Suka huda, suka same ta fiye da mita 1,000 ƙarƙashin ƙololuwar. Shekara 12 bayan gano ta, ta fara aiki a 1976. Sai da suka haƙa rami na kusan kilomita 15 ya ratsa ƙarƙashin tsaunukan don kai dutse injin niƙa a ɗaya gefen. Yanzu bel ne mai tsawon kilomita 24 ke kai shi.

Haƙar ma ba ta diga da shebur ba ce. Gindin dutsen ake rarakewa, sai ya riƙa rushewa da nauyin kansa yana zubowa ta mazurarai. A niƙa shi ya yi laushi kamar garin tuwo, a kwaɓa da ruwa da ɗan mai, a hura iska. Molibdenait ba ya son ruwa, sai ya manne wa kumfa ya taso, a yaɗe shi kamar mai a kan miya. Sannan a gasa, farar wuta ta fita.

Sale Makaniki: Ashe santsin nan nasa ne na gado. To shi ya sa giris ɗin ba ya wankuwa da ruwa.

Alhaji Mudi: Dakta, na ji kin ce fulorin da narkakken dutse. Ni na sha jin cewa duwatsun Jos irin waɗannan ne. In haka ne to muna zaune a kan Climax ɗinmu ke nan. Ni fa ban yarda Turawan nan ba su gani ba. Sun gani, sun rufe, sun tafi da taswira. Yanzu ga 'yan Sin sun dawo suna shinshinawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Nura Golden: Alhaji, ina jin tsufa ne matsalar namu. Na Kolorado shekarunsu kimanin miliyan 30 ne. Na Filato sun haura miliyan 140, na Ayar a Nijar sun haura miliyan 400. Ƙwaryar a sama take, kuma namu zaizaya ta daɗe da cinye saman.

Dakta Hadiza: Nura, rabin maki zan ba ka. Jinduicheng da Luanchuan, manyan mahaƙun Sin a tsaunukan Qinling, shekarunsu wajen miliyan 140 ne, sa'o'in namu. Knaben da ka ambata da bakinka ta kai wajen shekara biliyan ɗaya. Zaizaya na da hannu, gaskiya ne: a Jos da Bukuru ta cinye rufin, shi ya sa kuza ta zube a rafuka. Amma a Riruwai, can Doguwa ta jihar Kano, rufin na nan, jijiyar ma'adini na nan tsawon kilomitoci, kuma abin da ta fi ɗauka kuza ce da zinki. Molibdenait ɗan tsiraru ne a ciki. Bambancin ya fi zuwa daga girkin kansa. Narkakken dutsen da ke da wadatar iskar oksijin ya fi tara molibdenam da tagulla. Wanda ke da ƙarancinta ya fi tara kuza. Namu ya karkata wajen kuza. Dangi ne dai: Climax ma ta riƙa fitar da kuza da tangistan a gefe.

Alhaji, batun ɓoyewa kuwa, babu abin da aka ɓoye. Molibdenait na duwatsun Kigom a Filato yana cikin rahotannin binciken ƙasa tun da daɗewa, ɗalibai na rubuta kundin digiri a kansa. Samun ma'adini daban, samun mahaƙa daban. Bature da ya kwashe kuza da kwalambait na shekaru da dama, har da aikin tilas a lokacin yaƙi, ba kunya ce za ta hana shi kwasar moli ba in da ya ga riba. A Maroko ai ya kwasa: Azegour, a tsaunukan Atlas kudu da Marrakesh, Faransawa sun haƙi molibdenam a can tun shekarun 1930. Ban ce kada a ƙara bincike a nan ba. Bincike dai da injin huda ake yi, rami bayan rami, ba da dunƙule ɗaya ba.

Isufu Arlit: Salamu alaikum. Nura ya ambaci Ayar, bari in sa baki. Mu ma kuza muka sani a Elmeki, da hannu ake aikinta. Amma molibdenam mun san sunansa ta wata hanya. A mahaƙar Akuta yana fitowa ne tare da yuraniyom, a shekarun baya har ana ware shi a gefe. Ba dominsa aka haƙa ramin ba, ɗan rakiya ne. Da aka rufe ramin a ƙarshen Maris na 2021, babu wanda ya tuna da shi. Tambayata ga Nura: in ɗan rakiya ne a wurare da yawa, yaya masu haƙarsa shi kaɗai suke tsira?

Nura Golden: Malam Isufu, ka taɓo inda ke ciwo. Da ƙyar suke tsira. Fiye da rabin molibdenam ɗin duniya ɗan rakiyar tagulla ne. Chuquicamata da El Teniente a tsaunukan Andes na Chile, mahaƙun Peru, Bingham Canyon a Utah, Erdenet a Mongoliya, duk tagulla suke nema, moli gyara ne. Mai gyara ko nawa aka taya zai sallama, tunda tagulla ta biya kuɗin haƙa. Wanda ya dogara da moli kaɗai shi ke fara rufewa in farashi ya faɗi.

Abin da ya sami Leadville ke nan. A ƙarshen shekarun 1970 farashi ya yi tashin gwauron zabi, Climax na da ma'aikata wajen 3,000. Sai tattalin arziki ya karye, masana'antun ƙarfe suka rage aiki, ga Chile na zubo kaya, ga Henderson ta kamfanin kansa da ta fi arha. A 1982 aka tsayar da aiki. Gari ne da albashinsa da harajin makarantunsa duk daga tsauni ɗaya suke fitowa. Mutane suka riƙa loda kaya suna barin gidaje. Har gidajen ma na da tarihi: a kan tsaunin aka fara gina wa ma'aikata gari, daga baya wajen 1960 aka ɗora gidajen a kan manyan motoci aka gangaro da su Leadville. Na bi ta unguwar, ƙananan gidaje ne iri ɗaya a jere.

Wani daga cikin waɗanda aka sallama, Ken Chlouber, shi ya ƙirƙiro tseren gudu na mil 100 a cikin duwatsun a 1983, don baƙi su zo su kwana su kashe kuɗi. Har yau ana yi, kuma mutane da yawa da tseren suka san garin, ba da ma'adini ba. Climax ta yi ta buɗewa da rufewa, ta kwanta gaba ɗaya a 1995, sai 2012 kamfanin Freeport-McMoRan ya tashe ta, da ma'aikata 'yan ɗaruruwa.

Wasu ba su tashi ba. Kitsault a Kanada, gari sabo fil aka gina da kantuna da asibiti, aka yi aiki kamar shekara ɗaya da rabi, aka kulle. Questa a tsaunukan New Mexico an rufe ta a 2014, aka sallami mutum wajen 300. Tyrnyauz a tsaunukan Kokas kusa da Elbrus, ta tangistan da moli, ta durƙushe bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Farashin kuwa, Alhaji, ga shi tunda shi kake so: a farkon shekarun 2000 laba ɗaya, wadda ba ta kai rabin kilo ba, ba ta wuce dala uku ba. A 2005 ta haura 30. A ƙarshen 2008 ta rikito zuwa wajen 10. Kuma wannan kuɗin gasasshe ne tatacce, ba na dutse ba.

Baba Ɗanladi: Wannan labari ai namu ne, suna kawai aka canza. A watan Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan. Dama aikin na tangal-tangal. Ina tuna ranar da aka liƙa sunaye a jikin allo, muka tsaya kowa na bin layi da yatsa. Wani abokina da bai iya karatu ba ya ce in duba masa. Na ga sunansa sama da nawa, na rasa ta inda zan fara. Mu ba mu sami mai ƙirƙiro mana tsere ba. Kududdufai aka bar mana, masu lambu na ban ruwa da su, yara kuma na faɗawa. Jikana, su can wa ke kula da lakar nan da ka ce ta cike kwari?

Nura Golden: Baba, doka ta ɗora wa kamfani, kuma yana da injin tace ruwa da ke aiki ko ana haƙa ko ba a yi. Dalili, wurin kan ruwa ne: ƙoramar Tenmile daga nan take gangarawa madatsar Dillon, wadda mutanen Denver ke sha. A 2017 an yi ta ja-in-ja da kamfanin ya nemi a sassauta iyakar molibdenam da aka yarda ya kasance a ruwan, masu ruwan sha suka ce ba su yarda ba. A Questa kuwa gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin jerin gurɓatattun wuraren da dole a gyara. A Crested Butte mutanen gari sun shafe shekaru fiye da 40 suna hana a taɓa tsaunin Emmons, alhali an san akwai moli mai yawa a cikinsa.

Malama Rabi: Ni likitar dabbobi ce, ina ta karatu shiru, amma zancen ruwa ya taso ni. Mutum yana jure molibdenam fiye da saniya. In ya yi yawa a ciyawa ko ruwa, a cikin tumbin saniya yake haɗuwa da farar wuta ya ɗaure tagullar jikinta. Sai ka ga zawo ba tsayawa, baƙar saniya ta koɗe ta koma ja-ja, gashin kewayen ido ya yi fari kamar ta sa tabarau. An daɗe da sanin wannan a wasu makiyayun Somerset a Ingila. Saboda haka duk mai shirin tara irin wannan dutse a inda shanu ke shan ruwa, ya yi tunani.

Amma fa kada a ɗauke shi dodo. Ƙulle-ƙullen nan na saiwar gyaɗa da wake da waken suya, masu jawo taki daga iska, ba sa aiki sai da ɗigon molibdenam. A ƙasa mai tsami har shafa wa iri ake yi kafin shuka.

Alhaji Mudi: Malama, ni ko akuya ban ajiye a wurin ba. To Nura, in abin ba riba, me ya kawo ɗan Sin?

Nura Golden: Ban ce ba riba, ranka ya daɗe. Duniya na cin fiye da tan 250,000 a shekara. Bututun mai, ƙarfen da ruwan gishiri ba ya ci, sinadarin da matatun mai ke cire farar wuta da shi daga dizal, duk da shi ake yi. Sin ce kan gaba wajen haƙa, ita ce kan gaba wajen amfani. Kamfanin da ya taso daga Luanchuan, wanda yanzu ake kira CMOC, shi ne ya sayi mahaƙar tagulla da kobal ta Tenke Fungurume a Kwango a 2016, kuma daga hannun Freeport ya saya, masu Climax. Mutumin naka zai iya sayen buhu goma na tsintaccen kaya ya gwada, bai yi asarar komai ba. Kai ne za ka biya yara su fasa dutse wata uku.

Alhaji Mudi: To na yi gwajin. Na ɗauko farantin tangaram na Hajiya, na goga, sai da muka yi 'yar rigima. Layin da ya bari ba baƙi ƙirin ba ne, a hasken rana yana ɗan kore-kore. Na ɓamɓari ɗaya da allura, ya lanƙwashe bai karye ba. Na kuma kira yaron. Ya ce jijiyar faɗinta kamar yatsu biyu, sun bi ta tsawon gaba uku ta shige ƙasa, kuma ba ko'ina ke da ƙyallin ba.

Dakta Hadiza: To da alama molibdenait ne, Alhaji, amma sai ɗakin gwaji ya tabbatar. Ka ce wa yaron kada ya tsinto masu ƙyalli kaɗai. Ya yanko daga wannan gefen jijiyar zuwa wancan, har da dutsen da ke kewaye, wuri biyar daban-daban, kowanne a ledarsa da lamba. Ya kuma duba ko akwai wasu siraran jijiyoyi birjik a kusa, ko ita kaɗai ce. Sannan a tabbatar wurin ba ya cikin lasisin wani, kuma kai ma ka sami takarda kafin a sa diga.

Alhaji Mudi: Leda biyar. Nawa ake gwada ɗaya?

Baba Ɗanladi: Alhaji, ka fara biyan Hajiya farantinta tukuna.